Hulunan 'Yan Ajin Yaya

Gidanmu na Kafanchan yana bayan katangar makarantar koyon aikin jinya da ungozoma, wadda kowa a unguwa yake kira makarantar nas. Daga bakin murhu nake jin ƙararrawarsu, in ɗalibai Kirista suna waƙar safe kuwa nakan bi su da baki ina dama koko. A gidan nan na girma tun yana hannun kawuna, da ya rasu 'ya'yansa suka watse birane sai ya dawo hannunmu ni da maigidana. Saboda haka da aka fara cewa makarantar za ta cika shekara hamsin, ji na yi kamar wata tsohuwar maƙwabciya ce za ta yi biki, har na soma tunanin abin da zan dafa wa baƙi.

Ni ban taɓa zama a ajinta ba, sakandare na gama na yi aure. Yayata ce ta shiga, tana cikin 'yan farko-farko, lokacin ginin bai wuce 'yan azuzuwa da ɗakin kwanan 'yan mata ba. Ta girme ni nesa ba kusa ba, ita ta goye ni. Sa'ad da aka kawo ni daga Kagoma wurin kawu don in yi firamare, ta riga ta yi nisa da karatun, kuma duk abin da na sani game da aikin nas a tsakar gidan nan na gan shi, ranar Asabar.

Asabar ranar hula ce. A wancan zamani ba a ganin nas da kai a buɗe. Akwai wata ƙaramar farar hula da suke kafawa a tsakiyar kai, tsaye ƙyam kamar sassaƙa ta aka yi, kuma ba a ba ɗaliba ita sai ta ci jarrabawar watannin farko, a yi taro, a kunna kyandir, a ɗora mata. Ita hular ba komai ba ce illa ƙyalle shimfiɗaɗɗe, sitaci ne yake tsayar da ita. Matar kawu tana da manyan tire na kayan aurenta, shi ya sa Yaya da ƙawayenta suke zuwa mana da ƙyallayensu. Su goge rogo, su tace, su dama, su tsoma ƙyallen, su manna shi a bayan tire su shafe da gefen hannu har ba sauran kumfa, sannan su jingine a rana. In ya bushe a ɓamɓaro shi yana ƙara kamar takarda. Aikina korar kaji ne. Ladana kuwa, in sun ninke ta farko, a ɗora mini a kai in zaga tsakar gida ina taku ɗai-ɗai, su kuma suna ta dariya.

A shekararta ta ƙarshe Yaya ta yi aure. Mijin malamin firamare ne, mutumin kirki, za a mayar da shi wani gari mai nisa, sai iyaye suka ga gara a ɗaura a lokacin hutun Kirsimeti, a majami'armu ta ƙauye, ba hayaniya. Kowa ya san dokar lokacin, ɗaliba ba ta aure balle ciki, amma suka ce ai saura kaɗan ta gama. Kafin jarrabawar ƙarshe ta zo, bel ɗin rigarta ya ƙi rufuwa. Babbar sista mai kula da ɗalibai ta kira ta ofis. An ce ba ta yi mata faɗa ba, har ma ta yi mata addu'a, amma doka doka ce. Yaya ta cire hularta da hannunta ta ajiye a kan tebur. Ina tsakar gida ina wanke-wanke ta shigo da akwatinta, cikin farar riga, kanta ba komai. Ban taɓa ganinta haka ba, sai na ga kamar an rage mata tsawo.

Tun daga ranar ba ta ƙara bi ta gaban ƙofar makarantar ba. In za ta zo wurina daga tasha, takan sa mai mashin ya zaga ta bayan injin niƙa, ko da hanyar ta cika da taɓo. Ba ta taɓa ce mini ga dalili ba, ni ma ban taɓa tambaya ba. A ƙauye in yaro ya ƙone ko naƙuda ta kama mace kafin a samu mota, ita ake kira, amma in wani ya ce mata nas sai ta gyara masa, ta ce a kira ta Mama kawai. Na daɗe ina sa ta a addu'a kan wannan, ba tare da na san ainihin abin da zan roƙa ba. Da maganar bikin nan ta taso sai roƙon ya fito mini sarai: Ubangiji ya sa Yaya ta zauna a tsakiyar 'yan ajinta ko sau ɗaya ne, tun da sauransu a duniya, don ana ta jin rasuwarsu ɗaya bayan ɗaya.

Saura 'yan makonni bikin, Anti ta zo gidana. Ƙawar Yaya ce ta kusa tun suna aji, 'yar wani direban jirgin ƙasa da ya zo daga kudu maso gabas ya zauna a layin reluwe, a nan aka haife ta. Ta yi aiki har ta zama babbar sista a wani babban asibiti, ta yi ritaya ta dawo gida. Muryarta takan riga ta shiga gida. Hausarta ta layin reluwe ce, ba ruwanta da mace ko namiji, kowa "kai" ne a bakinta.

Ta dire mini leda cike da fararen ƙyallaye, tela ya riga ya yanka ya ɗinke bakinsu.

"Auta," ta ce, don haka suke kirana tun ina ƙarama, "'yan ajinmu za mu shiga fili da hula irin ta da. Yaran yanzu riga da wando suke sawa kamar makanikai, bari su ga yadda nas take. Kai za ka yi mana sitaci, tunda a gidanka ake yi tun asali."

Na ce, "Anti, ni fa kallo kawai na yi."

"To kallon ya isa."

Na karɓa da murna, ina ganin abin ba wuya. Na fara da sitacin leda na kasuwa, hular ta fito ta langaɓe kamar ganyen kabewa a miya. Sai na ce ai rogo ne asirin. Na goge rogo har ya ci mini yatsa, na dama da kauri, na manna. Amma ƙarshen damina ne, kuma wanda ya san Kafanchan ya san yadda sama take rufe mana ta ƙi buɗewa. Ƙyallen ya kwana ya wuni bai bushe ba, ya fara tsami, baƙin ɗigo-ɗigo ya fito masa, kiyashi suka yi layi daga bakin ƙofa har kan tire. Maigidana ya tsaya a kaina ya daɗe yana kallo, ya ce, "Maman yara, wannan na sawa ne ko na ci?"

Na kai wa Anti na nuna mata. Ta yi dariya har sai da ta dafa bango.

"Na san haka zai fito," ta ce. "Ni na iya. Tun kafin ka yi aure nake yin nawa da kaina."

"To ki nuna mini mana, Anti."

"Ba zan nuna ba. Je ka kawo yayanka."

Ba ta ɓoye mini komai ba. Ta ce ta aika wa Yaya saƙo ya fi a ƙirga, ta waya da ta bakin mutane, amsa ɗaya take samu, wai aikin gona ya yi yawa. Ta ce in gayyata ba ta kawo ta ba, wataƙila ɓarna ta kawo ta, don ta san ƙawarta ba ta iya ganin aiki a lalace ta yi shiru.

Washegari na hau mashin zuwa Kagoma da lalatacciyar hular a jaka. Na tarar da Yaya a gonar citta tana cire ciyawa, ta ɗaure ƙugu da tsohon ɗankwali. Mijinta ya daɗe da rasuwa, tana zaune da ɗanta na fari da matarsa, shi ne cikin da ya fito da ita daga makaranta. Muka zauna a gindin ɗorawa muka gaisa da yarenmu, ta tambayi yara ɗaya-ɗaya. Da na ambaci bikin sai ta ci gaba da kakkaɓe ƙasa daga saiwar ciyawar da ke hannunta.

"'Yar reluwe ce ta aiko ki."

"Ita ce, Yaya."

"Auta, kin san irin taron nan. Kowa zai tambayi kowa a wane asibiti ya yi ritaya. Ni in ce musu me, a gonar citta?" Ta ɗan waiga wajen gida ta rage murya. "Kuma ba na so a yi ta tada maganar har yaron nan ya ji, ya ɗauka shi ya tare mini hanya. Ban taɓa yin da-na-sanin haihuwarsa ba, Allah ya sani. Abin da ya wuce a bar shi inda yake."

Ban yi mata gardama ba, don ban iya gardama da ita ba. Na buɗe jaka kawai na fito da hular na ajiye a cinyarta. Ta ɗauka da yatsu biyu, ta juya ta, ta kai hanci.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni."

"Kin ɗiga kananzir?"

"A'a."

"Kyandir fa, kin kankara a ciki?"

Na girgiza kai.

"Bula ma babu. Ashe duk Asabar ɗin nan kaji kawai kike kallo." Ta sake juya hular, ta yi tsaki a hankali. "Da wannan za su fita gaban mutane? Matan da suka kai matsayin da suka kai?"

Kafin mu gama cin tuwon acca ta yanke shawara. Za ta zo ta yi hulunan a gidana, ta gama ta koma ƙauye kafin ranar biki. Ta sa na maimaita mata sharaɗin da bakina, na maimaita.

Ta iso ana saura kwana biyu, ta bayan injin niƙa kamar kullum, da rogonta da ta tono da kanta. Na aro tire daga matan zumunta na majami'armu har suka cika mini falo. Tunda rana ta ƙi fitowa, Yaya ta sa aka hura gawayi a kasko, aka bari hayaƙin ya mutu sarai, aka ajiye a tsakiyar falo, aka jingina tire kewaye da shi, ana juya su. Maigidana ya kwashi rediyonsa ya koma baranda, ya ce an kore shi daga gidansa saboda hula. Wannan karon na buɗe ido na kalla. Ɗigon kananzir don kiyashi, ɗan kankararren kyandir cikin sitacin tun yana da zafi don dutsen guga ya zame kuma hular ta yi sheƙi, bula kaɗan don farin ya fito. Hannuwanta sun yi kaushi da gona, amma da ta ɗora gefen hannu a kan ƙyallen ta shafa daga tsakiya zuwa baki, shafa ɗaya take yi ya kwanta. Tana yi tana ɗan waƙa a maƙogwaro, ba ta ma san tana yi ba.

Anti ba ta iya riƙe labari ba. Ana gobe biki, 'yan ajin da suka iso daga garuruwa suka fara sallama a ƙofata. Duk cikarsu ba su fi tabarma biyu ba. Anti ce a gaba, ta tsaya a bakin falo ta riƙe ƙugu.

"'Yar Kagoma, ka tsufa."

Yaya ba ta ɗago daga guga ba. Ta ce, "An ce kin yi ritaya. Bakin ne bai samu takardarsa ba?"

Sai suka rungume juna, dutsen guga na hannun Yaya a sama, ni ina ta cewa a yi hankali da wuta. Akwai wata Hajiya daga cikin gari, ita ma 'yar ajinsu, doguwa mai sanyin magana, ta riƙe fuskar Yaya da hannu biyu ta daɗe tana kallonta. Na shimfiɗa mata darduma a ɗakina ta yi azahar, na dafa pate da yawa, aka zauna aka ci. Suka yi ta tuna malaman da suke tsoro, da ranar da Anti ta suma a ɗakin haihuwa aka bar mai naƙuda aka koma kanta da fifita. Anti ta ce ƙarya ne, yunwa ce ta kayar da ita. Yaya ta yi dariya har da hawaye. Ina daga bakin ƙofar kicin ina gode wa Ubangiji a zuciyata, ina ganin an gama.

Sai wata da ta zo daga Legas, wadda rabonta da garin tun suna 'yan mata, ta juyo da fara'arta ta ce wa Yaya, "Ke kuma 'yar'uwa, a ina kika ƙare aiki? Ban taɓa cin karo da ke a taro ba."

Ba da mugunta ta faɗa ba, mantawa ta yi.

"Ban gama ba ai," in ji Yaya. "Kin manta? Ni ce na tafi da ciki."

Matar ta rufe baki da hannu ta shiga ba da haƙuri. Yaya ta ce ba komai, ta tattara kwanuka ta kai kicin, ta tsaya tana wanke su alhali na ce ta bari. Da baƙin suka tafi ta haɗa jakarta ta ajiye a bakin ƙofa, ta ce gobe da mashin na farko za ta wuce. Ban roƙe ta ba. Da muka durƙusa addu'ar iyali na yi godiya don aikin da aka gama lafiya, sauran na bar shi a ciki, na san Wanda nake gaya wa yana ji.

Abin da ya tsayar da ita da safe shi ne ba a ninke hula tun da wuri a irin wannan danshi, sai ranar da za a sa, in ba haka ba ta saki. Tana ɗaura ɗankwali matan suka shigo cikin fararen riguna ɗinkin da, da bel, da fararen takalma. Anti ta miƙa hannuwanta gaba ta ce sanyin ƙashi ya kama yatsunta, sauran kuma kowa da irin ninkin asibitin da ta yi aiki, in aka bar su kowace hula za ta fito da kamarta. Yaya ta dubi jakarta, ta dubi tulin ƙyallayen, ta zauna.

Da ta ninke aka raba, sai ɗaya ta ragu. Anti ta ɗauka ta miƙa mata da hannu biyu, wannan karon ba wasa a muryarta.

"Wannan naka ne. Mu duka muka ce a yanka."

Yaya ta girgiza kai. "Na gode muku. Amma ba zan sa abin da ban gama ba. Ku da kuka sha wahalarta ku sa."

Hajiya ta taɓa hannun Anti, Anti ta ajiye hular a kan tebur.

Daga nan wata matsala ta fito wadda ba wanda ya yi tunaninta. Ita hular da fil ake kafa ta a gashi, kuma gashin da aka kafa ta a kai kusan shekaru hamsin baya ba shi ne a kawunan nan ba. Wata nata ya zube a gaba, wata ya yi laushi kamar auduga, fil ya shiga ya fito. Yaya ta sa na kawo baƙin zare, ta riƙa kama ɗan abin da ya rage tana ɗaure shi tsiro biyu, ta soka fil a ciki. Ta Hajiya ba wuya, a kan farin mayafinta aka kafa. Anti ce ta gagara. Ta daɗe da aske kanta ƙasa-ƙasa, gashin kanti take sawa. Aka kafa hular a gashin kantin ta zauna daram, amma da Anti ta taka sau biyu sai nauyin sitacin ya ja, gashi da hula suka zamo tare zuwa kunnen hagu.

"Cire gashin mana," in ji Yaya.

"In shiga gaban manyan baƙi da kai kamar ƙwarya? Gara in koma gida."

"To ki daina kaɗa kai in kina magana."

"Sai dai in daina magana."

"Wannan kam sai ikon Allah," in ji Hajiya.

Lokaci ya ƙure, ana jin badujala daga cikin makaranta. Suka fita a jere suka bi gefen katanga zuwa babbar ƙofa. Yaya ta soka ragowar fil a gaban rigarta ta bi su, wai za ta raka su zuwa kwanar farko ta gyara na Anti ta dawo. Zanin gida ne a jikinta da silifas. Na jawo mayafina na bi bayanta. Kowane ɗan taku sai ta miƙa hannu ta tura gashin Anti ya koma tsakiya, tana mita, Anti tana ramawa. A haka muka wuce kwanar, muka wuce mai sayar da gasasshiyar masara, har muka iso bakin ƙofa.

A nan Yaya ta tsaya cak. Daga ciki ɗalibai sun yi layi biyu hagu da dama, an kafa rumfuna a fili, mai lasifika yana cewa tsofaffin ɗalibai su shigo aji-aji, na farko a gaba. Yaya ta zare fil ɗaya ta ƙara wa Anti a ƙeya ta ce, "Shi ke nan, ki tafi a hankali."

Anti ta taka, gashin ya zame. Ko da gangan ta kaɗa kai, ko ba da gangan ba, har yau ban sani ba, kuma ban tambaye ta ba.

"'Yar Kagoma," ta ce, ba ta juyo ba, "in kaina ya faɗi a tsakiyar filin nan, zan gaya wa kowa wanda ya kafa."

"Auta za ta riƙe miki."

"Auta bai kai tsawona ba."

Gaskiya ne, ban kai ba. Ajin da ke gabansu ya riga ya motsa, na bayansu suna jira, mai tsaron ƙofa yana ta yi musu hannu su wuce. Na ga Yaya ta dubi ƙasa daidai inda kwalta ta ƙare aka fara tsakuwar makaranta. Leɓenta ya motsa kaɗan, na san addu'a ce. Sai ta ɗora yatsu biyu a ƙeyar Anti ta ce, "Mu je. In kin kaɗa kai zan soke ki."

Haka suka shiga. Yaran suka ɗaga wayoyi suna ɗaukar hoto, suna tafi, da yawansu ba su taɓa ganin irin hulunan nan ba sai a tsofaffin hotunan da ke bangon ofis. Fararen riguna a jere, huluna suna sheƙi duk da ba rana, a tsakiyarsu mace ɗaya da zanin atamfa da silifas, hannunta a ƙeyar ta gabanta. Ni na ratse ta gefe na samu kujera a rumfar jama'a, inda zan riƙa hango su.

Da suka isa bencin ajinsu Anti ta zauna, Yaya ta sake ta ta juya za ta fito. Hajiya ta matsa gefe ta buɗe wuri tsakaninta da Anti, ta ɗan bubbuga katakon da tafin hannu. Yaya ta tsaya jim, tana duban rumfarmu kamar tana nemana. Na sunkuyar da kai na shiga gyaran mayafi don kada mu haɗa ido ta samu inda za ta gudo. Da na ɗago, tana zaune.

Aka yi addu'o'i na Kirista da na Musulmi, aka yi jawabai masu tsawo, aka tuna da waɗanda suka rasu. Rabin abin da aka faɗa bai shiga kunnena ba. Can mai lasifika ya fara kiran azuzuwa, kowane aji ya miƙe a tafa masa. Da aka zo kan nasu, matan suka miƙe da ƙyar, wata da sanda, wata da dafa gwiwa. Yaya ba ta miƙe ba. Tana zaune a tsakiyarsu tana tafa musu da ƙarfi, fuskarta a sake. Anti ta ɗora hannu a kafaɗarta ɗaya, Hajiya ta ɗora a ɗayar, suka tsaya a haka har tafin ya lafa. Wata mata da ke kusa da ni ta ga ina share ido ta tambaya ko 'yata ce a cikin ɗaliban. Na ce a'a, yayata ce a cikin tsofaffin.

Bayan an tashi aka fara raba shinkafa, na je wurinsu in ji ko Yaya za ta koma gida don ta samu mashin kafin ruwa ya sauko. Na tarar sun jawo benci sun yi da'ira, an cire takalma, matar Legas tana riƙe da hannun Yaya tana ba ta labarin jikokinta. Wasu ɗalibai 'yan mata sun durƙusa a gefe suna roƙon a bar su su taɓa hula. Gashin Anti ya koma kunnen hagu, ba wanda ya kula.

Na ce, "Yaya, hadari yana haɗuwa."

Ta dube ni da cokali a hannu. "Ki tafi, Auta. Wai za su nuna mini ɗakin kwananmu, an ce har yanzu yana nan. Ki shigar mini da jakata ciki, kada ta jiƙe."

Na fito ta babbar ƙofa ni kaɗai, na bi gefen katanga da sauri, yayyafi ya fara kafin in kai gida.